Babi na Huɗu: Jakadan da Aka Ƙi Karɓar Takardarsa

Duk mai sauraren labaran rediyo ya saba jin an ce sabon jakadan ƙasa kaza ya miƙa takardun kama aiki ga shugaban ƙasa. A talabijin kuma sai a nuno mutum cikin kwat, ya ɗan rusuna, ya miƙa ambulan da hannu biyu, a yi musabaha, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Mutane da yawa kan tambaya, wai me ke cikin ambulan ɗin nan? Tun da gwamnatinsa ta riga ta naɗa shi, jirgi kuma ya riga ya sauke shi, me zai faru idan mai masaukin ya ce ba zai karɓa ba?

Hakan ya taɓa faruwa tsakanin Birtaniya da Biyetnam har sau biyu, da ratar shekara 152 a tsakani. Idan muka bi sawun hulɗar ƙasashen nan biyu, ɗaya tsibiri a yammacin Turai, ɗaya doguwar gaɓar teku a kudu maso gabashin Asiya, za mu gane nauyin wannan 'yar takarda.

Wa ya aiko ka?

Fatauci ne ya fara kai Ingilishi ƙasar. A 1672 kamfanin East India ya buɗe gidan ciniki a garin Pho Hien da ke arewa, yana neman siliki. Kasuwa ba ta yi armashi ba, a 1697 suka tattara nasu ya nasu suka tafi. Waɗannan 'yan kasuwa ne kawai, babu wanda ya ɗauke su wakilan wata sarauta.

Manzon da ya zo da sunan hukuma shi ne John Crawfurd, wani likita ɗan Scotland, a 1822. Lord Hastings, Gwamna-Janar na Indiya, shi ya turo shi da wasiƙa da kyaututtuka, yana neman a buɗe wa jiragen Ingila ƙofar ciniki. Crawfurd ya isa birnin Hue, fadar Sarki Minh Mang, wanda shekararsa biyu ke nan a kan gado. Fadawa suka duba wasiƙa, suka ga hatimin gwamna ne a jiki, ba na Sarki George na Huɗu ba. Nan magana ta tsaya. An sauki baƙon da mutunci, manyan fada sun zauna da shi, an ma ce jiragen Ingila na iya ciniki a wasu tashoshi. Amma bai ga sarki ba, kyaututtukan ma ba a karɓa ba. Hujjar fada ita ce sarki da sarki suke rubuta wa juna, gwamna kuwa komai faɗin ƙasar da yake riƙe da ita, baran wani sarkin ne.

Mai karatu na iya cewa girman kai ne. Ni a ganina Minh Mang ya riga ya kama bakin zaren dokar da duniya ta zo ta rubuta daga baya.

Yadda ake naɗa jakada

Dokar ita ce Yarjejeniyar Vienna kan hulɗar jakadanci ta 1961. Abu na farko da ta shimfiɗa shi ne ba a tura wa ƙasa jakada sai an fara jin ta bakinta. Ma'aikatar harkokin waje takan aika suna da taƙaitaccen tarihin mutumin a asirce, ta jira amsa, kamar dai yadda ba a kai kayan sa-rana gidan da ba a fara tura manya sun ji ra'ayin iyaye ba. Ƙasar da aka tambaya tana da ikon cewa a'a, kuma ba dole ne ta faɗi dalili ba. Sau da yawa ma ba ta cewa a'ar, sai dai ta yi gum, makonni su wuce, mai aikowa ya gane karatun ya sauya suna. Shi ya sa ba a sanar da naɗin jakada a jarida sai amincewar ta iso.

Kowace ƙasa da yadda take zaɓen nata. A Birtaniya galibin jakadu ma'aikatan diflomasiyya ne da suka taso cikin aikin. Sukan nemi muƙamin a cikin ma'aikata, sakataren harkokin waje da firaminista su amince, sarki ya sa hannu. Majalisa ba ta tantance su, saɓanin Najeriya da Amurka inda sai an bi ta majalisar dattawa. A Biyetnam kuwa firaminista ke gabatar da suna, zaunannen kwamitin majalisar dokoki ya amince, shugaban ƙasa ya naɗa.

Sai batun ambulan. Wasiƙa biyu ce a ciki. Ɗaya ta janye tsohon jakada, ɗaya kuma tana gabatar da sabon, tana roƙon a gaskata duk abin da zai faɗa da sunan wanda ya aiko shi. Jakadan Biyetnam a Landan, keken doki na fada ake aikowa ya ɗauke shi daga unguwar Kensington zuwa Fadar Buckingham, in an dawo da shi kuma al'ada ce ya ba dawakan karas. Takwaransa na Birtaniya yana miƙa tasa a Fadar Shugaban Ƙasa da ke Hanoi, ginin da gwamnan Faransa ya zauna ciki zamanin mulkin mallaka. Daga lokacin miƙa takarda ake ƙidaya girman jakada a cikin 'yan'uwansa, wanda ya riga shi ke gaba a wurin taro, ko da ƙasarsa ba ta kai girman wata jiha ba.

Abin lura shi ne sunan da ke bayan ambulan. Wasiƙar daga shugaban ƙasa take zuwa ga shugaban ƙasa, da suna da muƙami. Duk wanda ka rubuta sunansa, ka shaida ke nan cewa shi ne mai ƙasar. Lokacin zaman lafiya ba wanda ke damuwa da wannan. Rikici yana tasowa ne ranar da mutum biyu kowanne ya ce shi ne mai ƙasar.

Ƙasa ɗaya, gwamnati biyu

Ranar 2 ga Satumba 1945 Ho Chi Minh ya tsaya a dandalin Ba Dinh da ke Hanoi ya ayyana 'yancin Biyetnam. Shi Ho ba baƙon Landan ba ne. Yana saurayi, gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya yi aikin kicin a otal ɗin Carlton, kuma har yau akwai allon tunawa da shi a jikin ginin New Zealand House da aka gina a gurbin otal ɗin. Wannan tsohuwar sanayya ba ta amfane shi da komai ba a 1945.

Bisa shawarar da manyan ƙasashe suka yanke a Potsdam, sojan Birtaniya ne za su karɓi makaman Japanawa a kudancin ƙasar. Manjo-Janar Douglas Gracey ya sauka a Saigon a tsakiyar Satumba da rundunar da akasarinta Indiyawa ne da Gurkawan Nepal. Ya ƙi mu'amala da kwamitin Viet Minh, ƙungiyar Ho, da ya tarar yana riƙe da birnin, ya kafa dokar soja, ya saki fursunonin Faransa ya ba su makamai. Ranar 23 ga Satumba Faransawan suka ƙwace gine-ginen gwamnati. Har sojan Japan da aka zo ƙwace wa bindiga an sa su sun yaƙi Viet Minh. Farkon 1946 Gracey ya miƙa wa Faransa kudanci ya tafi. A Ingila kaɗan ne suka san wannan labari, amma a Biyetnam yaran makaranta sun san 23 ga Satumba a matsayin ranar da gwagwarmayar kudu ta fara.

A Janairun 1950 Sin da Tarayyar Sobiyet suka amince da gwamnatin Ho. Wata guda bai cika ba Birtaniya da Amurka suka amince da ta tsohon sarki Bao Dai da Faransa ta kafa a Saigon. Daga nan wasiƙun fadar Ingila Saigon suke nufa.

Bayan Faransa ta sha kaye a Dien Bien Phu a Mayun 1954, aka zauna a Geneva. Anthony Eden na Birtaniya da Molotov na Sobiyet su suka shugabanci taron. Aka tsaga ƙasar biyu na wucin gadi, da alkawarin zaɓen haɗewa a 1956. Zaɓen bai yiwu ba. Birtaniya ta fito daga Geneva da wata riga mai wuyar sawa, ga ta aminiyar Amurka, ga ta kuma ɗaya daga cikin shugabannin taron da ake sa ran su tsaya tsakani.

Mutumin Landan a Hanoi

Tun zamanin Faransa Birtaniya tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Hanoi. Da 'yan gurguzu suka karɓi birnin a 1954, Landan ba ta rufe shi ba, Hanoi kuma ba ta kore shi ba. Aka ci gaba da zama a haka kusan shekara ashirin, Birtaniya ba ta amince da gwamnatin arewa ba, gwamnatin arewa ba ta amince da muƙamin baƙon ba. Abin da ya sa dabarar ta yiwu shi ne ƙaramin jakada ba ya ɗauke da wasiƙar sarki zuwa shugaban ƙasa. Aikinsa a takarda biza ne da fasfo da kula da 'yan ƙasarsa, don haka hukumar birnin Hanoi yake hulɗa da ita, ba fadar shugaba ba.

To, 'yan Birtaniya nawa ne a Hanoi lokacin da jiragen Amurka ke ruwan bama-bamai, balle a ce ana kula da su? Ainihin aikin ido ne da kunne. Wasu daga cikin waɗanda aka tura ma jami'an hukumar leƙen asiri ta MI6 ne. John Colvin ya zauna a can a tsakiyar shekarun 1960, yana ganin ɓarnar bama-bamai da idonsa. Daphne Park, wadda ta yi aiki a Kwango zamanin Lumumba, ta riƙe ofishin daga 1969 zuwa 1970, daga baya ta zama 'yar majalisar dattawan Birtaniya. An taƙaita musu zirga-zirga, ana bin sawunsu, amma abin da suka gani a titi da kasuwa da abin da suka tsinta a bakin jakadun ƙasashen gurguzu yana isa Landan, daga can kuma ya isa Washington, wadda ba ta da kowa a birnin. Da wuya a ce Hanoi ba ta san da haka ba. Ita ma tana da amfanin a sami wanda zai shaida wa Turawan yamma cewa bama-baman ba su karya lagonta ba.

Tafawa Ɓalewa da Nkrumah

Shugaba Johnson na Amurka ya matsa wa Firaminista Harold Wilson lamba ya aiko da soja, ko da 'yan kaɗan ne don a ga tutar Birtaniya a fagen daga. Wilson ya ƙi. Da baki yana goyon bayan Amurka, amma ya san jam'iyyarsa ta Labour ba za ta lamunci tura soja ba. Sai ya koma neman sunan mai sulhu.

A taron ƙasashe renon Ingila na Yunin 1965 a Landan, ya kawo shawarar a kafa tawagar sulhu. Shi ne shugaba, sai Kwame Nkrumah na Ghana, da Firaministan Najeriya Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Eric Williams na Trinidad da Tobago. Washington da Saigon suka ce a zo. Mosko da Beijing da Hanoi suka ce ba sa buƙata, domin a idonsu Wilson ɗan kanzagin Amurka ne. Tawagar ba ta taɓa tashi ba. Hanoi ta gayyaci Nkrumah shi kaɗai, a matsayinsa na shugaban Ghana. Yana kan hanyar amsa wannan gayyata ne, ya sauka Beijing, sojoji suka hamɓarar da shi ranar 24 ga Fabrairu 1966. Makonni shida kafin nan an kashe Tafawa Ɓalewa a juyin mulkin 15 ga Janairu. Cikin wata takwas rabin tawagar Wilson ba ya kan mulki.

Jakada a bakin ƙofa

Yarjejeniyar Paris ta 27 ga Janairu 1973 ta ba Amurka hanyar janye sojanta, ƙasashen yamma kuma suka shiga layin ƙulla hulɗa da Hanoi. Sweden ta riga kowa tun 1969. A 1973 Ostireliya da Italiya da Kanada da Japan duk suka bi. Birtaniya ta ƙulla tata ranar 11 ga Satumba 1973, ranar da ƙasashen biyu ke ƙidaya shekarun zumuncinsu daga gare ta.

Aka naɗa John Fawcett jakada, ya isa Hanoi a farkon 1974 da wasiƙar Sarauniya Elizabeth. Wannan karon hatimin na fada ne, ba wanda zai ce gwamna ya aiko shi. Amma Hanoi ta zo da wani sharaɗi. A kudu akwai gwamnatin wucin gadi ta 'yan juyin juya hali, wadda mayaƙan gurguzu na Viet Cong suka kafa a 1969, wadda kuma ta sa hannu a yarjejeniyar Paris. Hanoi na son Landan ta amince da ita. Landan ta ce gwamnati ɗaya ta sani a kudu, ta Shugaba Nguyen Van Thieu, inda take da cikakken jakada. Ba a kori Fawcett ba, ba a kuma sa masa ranar shiga fada ba. Ya shafe kusan shekara guda a haka, wasiƙarsa na ajiye, har Landan ta gaji ta janye shi.

Gardamar da diflomasiyya ta kasa warwarewa, tankokin yaƙi suka warware ta. Ma'aikatan ofishin jakadancin Birtaniya sun fice daga Saigon kwanaki kaɗan kafin birnin ya faɗi ranar 30 ga Afrilu 1975. Cikin 'yan makonni Landan ta amince da gwamnatin da ta ƙi amincewa da ita shekara guda kafin nan. Ranar 2 ga Yuli 1976 aka haɗe arewa da kudu, adireshi ya koma ɗaya, Robert Tesh ya zama jakada a haɗaɗɗiyar ƙasar.

Ana gaba, ofis na buɗe

Samun jakada bai kawo ɗasawa ba. A Disambar 1978 sojan Biyetnam suka shiga Kambodiya, daga bisani suka kori gwamnatin Pol Pot. Dubban ɗaruruwan mutane kuma suna tserewa daga Biyetnam cikin kwale-kwale, da yawansu suna nufar Hong Kong da ke hannun Birtaniya. Gwamnatin Margaret Thatcher ta dakatar da tallafi a 1979, ta kuma yarda ta karɓi 'yan gudun hijira 10,000.

Kambodiya ta jefa Landan cikin tsaka mai wuya. Ta amince da gwamnatin da Biyetnam ta ɗora, ko ta ci gaba da riƙe wadda ta hallaka jama'arta? A Disambar 1979 ta janye amincewarta da Pol Pot, amma a Majalisar Ɗinkin Duniya ta ci gaba da jefa ƙuri'ar barin kujerar Kambodiya a hannun wakilansa. Wannan abin kunya, haɗe da surutun da aka yi kan amincewa da gwamnatin Jerry Rawlings a Ghana bayan ta harbe tsofaffin shugabanni a 1979, na cikin abin da ya sa sakataren harkokin waje Lord Carrington ya sanar a Afrilun 1980 cewa daga yanzu Birtaniya ƙasashe za ta riƙa amincewa da su, ta daina fitar da sanarwar amincewa da gwamnatoci. Wayo ne, kuma ya rage mata ciwon kai, sai dai bai kawar da tambayar ba, tun da har gobe dole a rubuta sunan wani a bayan ambulan.

Duk tsamin nan ba a rufe ofishin Hanoi ba. Da Biyetnam ta fara sauye-sauyen tattalin arziki na Doi Moi a 1986, ta kuma janye daga Kambodiya a 1989, kamfanonin Birtaniya irin su BP sun tarar da jakadansu zaune, alhali Amurka sai a 1995 ta maido da hulɗa.

Abin da ke kan teburin jakada yau

Daga nan abubuwa suka riƙa tafiya da sauri. An ƙulla ƙawance na musamman a 2010. David Cameron ya je a 2015, firaministan Birtaniya na farko da ya ziyarci ƙasar yana kan mulki. Da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, an sa hannu kan yarjejeniyar ciniki ranar 29 ga Disamba 2020. Wayoyin hannu da takalma da tufafi da kofi da kashu suna tafiya Ingila, magunguna da injuna suna zuwa Biyetnam, ɗalibai kuma suna cika jami'o'in Birtaniya. Rinjayen cinikin yana wajen Biyetnam, da nisa ma.

Akwai wani ƙulli na tsari da har yanzu ake lallaɓawa. Shugaban ƙasa ne ke karɓar takardar jakada a Hanoi, amma mai faɗa a ji shi ne babban sakataren jam'iyyar kwaminis. Landan ta koyi bin gaskiyar iko. A 2013 ta karɓi babban sakatare Nguyen Phu Trong a ofishin firaminista da ke Downing Street alhali muƙamin jam'iyya kawai yake riƙe da shi, a Oktoban 2025 kuma To Lam ne, shi ma a matsayin babban sakatare, ya tsaya da Firaminista Keir Starmer aka ɗaga ƙawancen zuwa mataki mafi girma.

Jakadun wannan zamani sukan zauna su koyi harshen kafin su kama aiki, harshe mai karin sauti shida a lafazin Hanoi. Mark Kent ya riƙe ofishin daga 2007 zuwa 2010. Giles Lever, wanda ya je a 2014, ya taɓa zama mataimakin jakadan Birtaniya a Abuja. Gareth Ward ya gaje shi a 2018, Iain Frew ya karɓa a 2022. Bakin da ke tallar jami'o'i da injin wutar iska shi ne kuma ake so ya yi maganar 'yan jarida da masu fafutuka da ke kurkuku. A 2022 aka ɗaure Nguy Thi Khanh, fitacciyar mai fafutukar muhalli, bisa tuhumar ƙin biyan haraji, kuma a Disambar shekarar Birtaniya da Tarayyar Turai suka jagoranci alkawarin dala biliyan 15.5 don raba Biyetnam da gawayin kwal. An nuna damuwa, an kuma sa hannu. Duk wanda ya san yadda gwamnatoci ke auna riba da ƙa'ida ba zai yi mamakin wanda ya rinjaya ba.

Aiki mafi ɗaci ya zo ranar 23 ga Oktoba 2019, lokacin da aka buɗe bayan wata babbar mota a Grays da ke Essex a Ingila aka tarar da gawar mutum 39. Da farko 'yan sanda sun zaci 'yan Sin ne. Ashe duk 'yan Biyetnam ne, akasari daga lardunan Nghe An da Ha Tinh, mafi ƙanƙanta shekarunsu 15. Ta hannun ofisoshin jakadancin nan biyu aka yi musayar zanen yatsu da bayanan iyalai, aka tantance kowa, aka mai da gawarwakin gida a ƙarshen Nuwamba. Tun daga lokacin batun safarar mutane da mai da waɗanda aka hana mafaka bai bar teburin jakadun ba.

Wannan ciniki na mai da mutane gida ba a Essex ya fara ba. Ya fara ne a sansanonin Hong Kong, inda 'yan Biyetnam fiye da 200,000 suka sauka cikin kwale-kwale, inda kuma da asubahin 12 ga Disamba 1989 'yan sanda suka tasa mutum 51 zuwa jirgin da ya mai da su Hanoi ba da son ransu ba. Babi na gaba zai shiga cikin waɗannan sansanoni, mu ga su wane ne suka hau teku, me suka baro, da yadda Landan da Hanoi suka yi cinikin makomarsu.